Ƙwayar Tsamiyar Da Na Hana Lawali

Wata Asabar ce a daminar shekarar 2006, bayan la'asar, ruwa yana dukan kwanon barandar gidanmu da ke Gesse a Birnin Kebbi har sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi. Mu biyar ne zagaye da tsohon teburin gugar Inna, wanda aka tokare ƙafarsa ɗaya da murfin kwalba. A kan teburin akwai takardu huɗu da aka yago daga littafin rubutu, da fensir guda da muke karɓa-karɓa, da dayis ɗin lido, da wani kwalin sukari da aka buɗe aka zana kogi a cikinsa. A tafin hannuna na dama kuwa akwai ƙwayar tsamiya guda ɗaya, na damƙe ta har gumi ya jiƙa ta. Yayanmu Nasiru, wanda shi ke ba da labari a wasan, ya dube ni ya ce, "Malam, layinka ne. Mi za ka yi?" Lawali, ɗan kawuna, yana zaune daura da ni, idonsa yana kan hannuna. Shekarata goma sha biyu a lokacin, kuma abin da na yi a cikin minti ɗayan nan har yau bai sake ni ba.

Wasan nan Yaya Nasiru ne ya kawo mana shi. Yana karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta garin, sai wani abokin karatunsa da ya tashi a Kudu ya ara masa wasu takardu da aka yi wa hoto har rubutun ya fara dushewa. Wasan Turawa ne, inda mutum ɗaya zai zauna yana ba da labarin wata ƙasa da babu ita, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya riƙa faɗin abin da zai yi, dayis kuma shi ke yanke ko abin ya yiwu ko bai yiwu ba. Mu Tafiya muka sa masa suna, don kullum a kan hanya mutanen namu suke. Kowa yana da takardarsa da sunan mutuminsa a sama, a ƙasa kuma an ja layuka da fensir, su ne ransa. In aka sare shi a yaƙi sai a goge layi ɗaya ko biyu. Ranar da layukan suka ƙare, mutumin ya mutu ke nan, Yaya zai karɓi takardar, kuma ba a sake kiran sunan. A kan wannan doka Yaya ba ya jin magiya, ko da kuwa mutum zai yi birgima a ƙasa.

Kafin mu fara sai da Baba ya zauna ya saurari bayani, don ganin dayis bai yi masa daɗi ba. Ma'aikacin gwamnati ne mai ƙarancin magana, ya saurara har ƙarshe, sannan ya kafa sharuɗɗa uku. Ba a ɗora ko kwabo a teburin, kuma da an kira salla a tashi ko da takobi yana sama. Na ukun shi ne ya shafe ni daga baya. A takardun Turawan akwai wani mutum a cikin ayarin wanda aikinsa bauta, yana sa sulke, yana riƙe kulki, yana roƙon gumakan da masu wasan suka ƙirƙira su warkar da abokansa. Yaya ya riga ya fitar da gumakan ya mayar da shi malami mai tofi, amma duk da haka Baba ya ce kada ya ji wani ya ja aya ko addu'a a bakin wasa. "Sunan Allah ba abin wasan yara ba ne," in ji shi. To da me malami zai yi magani? Inna ce ta warware mana, tana tace tsamiyar kunu, ta tsamo ƙwaya uku ta wanke ta miƙa wa Yaya. Daga ranar ƙwayoyin nan uku su ne tofin malami. In ya taɓa wanda ya ji rauni ya ajiye ƙwaya ɗaya a tebur, sai a jefa dayis a mayar wa mutumin layukan da suka fito. In ukun suka ƙare, sai ayari ya samu wurin kwana a cikin labarin kafin a dawo masa da su.

Gaskiya ba wanda ke son zama malami. Kowa mayaƙi yake so, ko maharbi, abin da za a ce ya sare kan dodo. Malami kuwa aikinsa kallon takardun mutane, ya ga wa ya kusa faɗuwa, in an ci yaƙi ba a tuna shi, in an yi asara kuma shi ake harara. Wanda ya fara riƙewa Zayyanu ne, ɗan maƙwabtanmu, kuma shi bai taɓa yarda cewa shi mai magani ba ne. Da an ga abokan gaba zai ɗaga kulkinsa ya wuce gaban mayaƙa, ya sha duka, ya ƙarar da ƙwayoyin a kan kansa, sannan ya juyo yana tambaya wa zai cece shi. Bayansa aka ba ƙanwata Luba, ita kuma tausayi ne ya yi mata yawa. Ko ƙaya ce ta soki wani a cikin labari sai ta ajiye ƙwaya, kafin a kai ga yaƙin gaske hannunta wayam. Har wani jakin ayari ta taɓa yi wa tofi, muka yi ta dariya, ita kuwa ta ce ai shi ma yana jin ciwo. Da abin ya zo kaina sai na ce ni zan nuna musu yadda ake yi, kuma na yi alfahari da hakan ba kaɗan ba.

Ni salona a Gulma na koyo shi. Can ne asalin Baba, kuma duk hutun kaka can ake tura mu gidan kakarmu, mu kori tsuntsaye a fadamar shinkafa, mu ɗauki dami, mu kwana da ƙaiƙayi a wuya. A ƙuryar ɗakin Kaka akwai wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka, shinkafar iri ce a ciki. Na ga shekarar da ruwa ya ci gonaki, tuwo ya koma sau ɗaya a rana, Kaka tana zaune kusa da tukunyar nan ba ta ko kallonta. Da na tambaye ta me ya sa ba za a dafa ba, sai ta ce, "Wanga ba abinci ba ne, baɗi ce." Maganar ta zauna mini, kuma ita na ɗauko na kawo tebur. Na zama malamin da ba ya sakin ƙwaya sai ya ga babu makawa, ta ukun kuwa ba na taɓa ta sam. Ina tsayawa can baya da fensir ina lissafin layukan kowa, in wani ya yi kuka in ce masa ya yi haƙuri, akwai gaba. Yaya ya sha yaba mini, ya ce a hannuna ayari bai taɓa shiga babban yaƙi ba magani ba. Kai, har tafiyata ta sauya a gida saboda wannan yabo.

A shekarar ce Lawali ya zo. Ɗan yayan Inna ne, daga Argungu, gidan masunta, aka kawo shi gidanmu don ya yi ƙaramar sakandare tare da ni. Sa'ana ne, amma ya fi ni tsawo da faɗin kafaɗa, ga hannuwa duk kanta saboda jan igiya. Yana da i'ina mai tsanani. Kalma takan tsaya masa a maƙogwaro har jijiyar wuyansa ta miƙe, ya runtse ido, ya buga ƙafa, sannan ta fito. A makaranta yara suka sa masa ido tun makon farko, wasu su toshe hanci su ce ana ƙarnin kifi, wasu su riƙa kwaikwayon maganarsa a filin taro. Akwai malamin da kan tashe shi karatu da gangan in yana son aji ya yi dariya. Ni kuma, tun da taubashina ne, ina da lasisin tsokanarsa, kuma na yi amfani da lasisin nan fiye da kima, ina cewa ai wasa ne. Shi dai ba ya ramawa. Da asuba zai riga kowa tashi, ya cika randuna, ya wanke mashin ɗin Baba, ya yanko wa tumakin Inna ciyawa, ya yini bai haɗa kalma ashirin ba.

Ranar da Yaya ya ja shi zuwa tebur, mun ɗauka ɓata lokaci za a yi. Aka tambaye shi wane irin mutum yake so, ya daɗe yana kallon takarda, sannan ya ce masunci. Babu masunci a takardun Turawa, amma Yaya ya ce ba komai, ya rubuta shi a mayaƙi, ya ba shi mashi da homa, wato ragar kamun kifi, da babban goran da masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo. Sunansa Dogo Mai Gora. Abin da ya faru bayan nan ni dai ban san bayaninsa ba, na dai gani da idona. In Lawali yana magana da bakin Dogo, i'inar takan sake shi. Zai sauke murya, ya ɗan karkata kai irin na mahaifinsa, ya ce Dogo ya shiga ruwa, Dogo ya jefa homa, magana tana zuba ba tangarɗa. Ran farko Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallon ɗan wanta, sai na ga ta koma ciki tana share ido da gefen zane. Lawali ne ya riƙa koya wa Yaya yadda ake gane zurfin ruwa daga launinsa, Yaya yana sakawa a labari. Wata bakwai Dogo ya yi a raye, ya fi kowa daɗewa, takardarsa har ta yi laushi saboda ninkewa, don a aljihun rigar makaranta Lawali ke yawo da ita. Zayyanu da ke toshe hanci a da, shi ne ya koma jiransa a ƙofar aji su taho gida tare. Ni kuwa, bari in faɗi gaskiya, abin ya fara ci mini rai, don yabon da Yaya ke yi mini ya koma kan Dogo.

To a Asabar ɗin nan ayarinmu ya iso bakin wani kogi, kuma tun makon da ya wuce Yaya yake ta nuna cewa a tsallake akwai wani gari mai ganuwa da ba a san halin mutanensa ba. Muna tsakiyar ruwa sai wani ƙaton kada ya taso. Dogo ya ce mu wuce shi zai tare, muka haye, ni da maharbiyar Luba da mayaƙin Zayyanu, muka bar shi a ruwa. Ya soki kadan sau biyu, kadan ma ya kama shi sau biyu, Yaya yana gogewa, har layukan Dogo suka rage biyu. Ni na riga na kashe ƙwaya biyu a hanya, saura ta ukun. Ni ne zan yi wasa kafin kadan ya kai nasa hari. In zan yi masa tofi sai na koma cikin ruwa na taɓa shi, haka dokar take. Na yi lissafina a zuci, kada ba zai same shi ba sai dayis ya ba da biyar ko shida, ga gari a gaba, ga ruwa da zan shiga da nawa mutumin. Luba tana ta zungurina da gwiwar hannu. Na buɗe baki na ce malam zai tsaya a gaɓa ya jira. Yaya ya sake tambayata ko na tabbata, abin da bai saba yi ba, na ce na tabbata. Ya girgiza dayis a cikin kofin roba ya kifa, ya ɗaga, shida ce.

Yaya ya ɗauki fensir ya goge layuka biyun a hankali, ya miƙa hannu. Lawali ya ninke takardar yadda ya saba ninke ta, ya ba shi. Ya so ya ce wani abu, na ga bakinsa ya buɗe, wuyansa ya miƙe, ƙafarsa tana bugun siminti, kalmar ta ƙi fita. Muna zaune muna kallonsa yana fama, har ya haƙura ya tashi ya shiga cikin ruwan saman ya nufi wajen tumaki. Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya shi ne abin da ya biyo baya. Yaya ya ci gaba da labari don a rufe ranar, muka isa garin, ashe mutanen kirki ne, suka buɗe mana ƙofa suka ba mu masauki. Ayari ya kwana, aka ce a mayar wa malam ƙwayoyinsa su cika uku. Wadda na ɓoye ba ta ƙara mini komai ba, da na kashe ta da ban kashe ba uku dai zan tashi da su. Irin Kaka in an ajiye shi yakan haifi buhu, wannan kuwa ba iri ba ce, ni ne na ɗauke ta iri. Na zura ta a aljihu ban mayar ba, washegari Yaya ya neme ta ya rasa ya samo wata a kicin.

Yaya ya yi wa Lawali tayin sabon mutum, har ya ce zai iya zama ƙanin Dogo da ya zo ɗaukar fansa. Ya gwada sau ɗaya. Ya zauna da sabuwar takarda, ya buɗe baki, i'inar tana nan daram kamar a aji, Zayyanu ya yi dariya ba da niyya ba, shi ke nan bai sake zama ba. Bai yi faɗa da ni ba, wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, in na yi masa wasan taubasai sai ya yi murmushi ya kau da kai. Ni kuma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri, ina ta gaya wa Luba cewa lissafina daidai ne, dayis ne ya ci amana. Da aka yi hutun ƙarshen zango ya tafi Argungu, da aka koma makaranta bai dawo ba. Kawu ya aiko cewa yaron ya ce shi Birni ta ishe shi, zai ƙarasa a can. Ba zan ce ni kaɗai na kore shi ba, akwai yaran makaranta, akwai malamin nan, akwai kewar gida. Amma duk waɗannan yana jure musu wata bakwai, don ya san ran Asabar akwai wurin da zai yi magana a saurare shi, kuma wannan wurin ni na rufe masa.

Da sanyi ya shigo ruwa ya ja baya, na matsa wa Inna sai da ta tafi da ni Argungu. Gidan Kawu yana kusa da kogi, ko'ina ƙamshin banda, mata suna juya kifi a kan waya, an shanya taru, babbar ragar kamun kifi, a jikin katanga, goruna manya a jere a zaure. Washegari da hantsi Kawu ya ce in bi su bakin ruwa. Kafin ya bar ni in taka jirgi sai ya tsayar da ni, ya ɗora mini gora a ƙirji, ya koya mini yadda ake rungumarsa. Sannan ya gaya mini dokar da yake gaya wa duk yaron da zai shiga ruwa da su, bai san komai game da teburinmu ba. Ya ce, "In ka ga mutum na nutsewa, kai da ke kusa kai ka tura mai goranka. Ba a tsayawa tunanin da mi za a koma gaɓa, wanga sai daga baya." Na tambaye shi in kuma mutum bai iya ruwa sosai ba fa? Ya ce to sai ya yi ihu yana turawa, wani zai turo masa nasa. Lawali yana tsaye a cikin jirgi da sanda a hannu, ya ji duk abin da aka faɗa, bai dube ni ba. A nan na gane da wace doka ya tsaya a cikin kogin kwalin nan ya ce mu wuce.

Da yamma muka zauna ni da shi a kan wani jirgi da aka kife ana gyara. Na ciro ƙwayar daga aljihu, ta bushe ta yi sheƙi saboda yawan murzawa, na miƙa masa. Na ce zan roƙi Yaya, zan ce malam ya koma ruwa daga baya ya tsamo Dogo da sauran numfashi, in ya ƙi ni ma zan ba da takardata. Ya karɓa ya juya ta a tafinsa. Ya daɗe yana kokawa da maganar, ni kuma karo na farko a rayuwata na yi shiru na jira shi ban ƙarasa masa ba. Ya ce, "Ka san doka, wanda ya mutu ba ya tashi." Sannan ya ce, "Ni dai na aza za ka komo." Ya mayar mini da ƙwayar, ya rufe yatsuna a kanta da hannunsa, ya tashi ya tafi taya mahaifinsa naɗe taru. Na yi kuka a wurin nan, kukan da ban yi ba ranar da abin ya faru, ina jin kunya kada masunta su gan ni.

Tafiya ba ta daɗe ba bayan nan. Yaya ya gama karatu ya samu aiki a wani gari, Zayyanu suka tashi daga unguwar, teburin ya koma aikinsa na guga. Lawali ya tsaya a aji uku, ya bi sana'ar gidansu, yanzu yana da jiragensa biyu da gonar shinkafa, mutum ne mai rufin asiri da ake girmamawa a bakin ruwa. Ni na yi karatu na zama ma'aikaci kamar Baba, ina zaune a gidan nan na Gesse da iyalina. Shekara da shekaru muna haɗuwa a suna da biki da jana'iza, mu gaisa, in tambayi ruwa ya tambayi aiki, ya aiko mini da banda in aika masa da atamfar salla ta iyali. Ba mu taɓa tayar da maganar ba. Sau da yawa nakan ce wa kaina ai ya manta, wasan yara ne, wa zai riƙe ƙwayar tsamiya a zuciya shekara ashirin in ba ni ba.

Bara, ana gab da komawa makaranta, sai ga shi a ƙofar gida a kan mashin ɗin kabu-kabu, da wani yaro dogo a bayansa riƙe da jakar leda da akwatin ƙarfe. Ɗansa ne Sahabi, ya ci jarrabawar shiga sakandare a nan Birni. Muka zauna a barandar nan, aka kawo ruwa, aka gaisa, yaron yana kallon ƙasa. Lawali ya ce ya zo ne ya ji ko akwai wuri. Na ce gida ai nasa ne, ko ba wuri sai a yi. Ya gyaɗa kai, ya dubi inda teburin yake tsayawa a da, sannan ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Shi ma yana da i'ina." Na ce na ji, Lawali. Da zai tafi na raka shi har titi, ya hau mashin bai waiwayo ba, ni kuma na tsaya a wurin har ya sha kwana.

Yaran yanzu ma suna irin wasan nan, amma a waya. Na ga ɗana Mubarak yana yi, akwai mai magani a ciki, yana danna wani wuri haske ya zubo wa abokansa, in ya ƙare ya jira kaɗan ya sake cika da kansa, wanda ya mutu kuma ya tashi bayan ƙidaya goma. Ba ya ganin fuskar wanda ya hana, ba ya jin numfashinsa a gefensa. Ban ce nasu ba daɗi, amma ina kewar barandar da mutum biyar ke jiran kalma ɗaya daga bakinka. Asabar ta farko bayan zuwan Sahabi na sa aka fito da tebur, na yago takardu, na aro dayis a lidon maƙwabta, na zauna a mazaunin Yaya. Sahabi ya daɗe kafin ya faɗi irin mutumin da yake so, muka jira shi, ba wanda ya ƙarasa masa. Mubarak kuwa na ba shi malami. Na zuba masa ƙwaya uku a hannu, biyu daga kicin, ɗaya kuma baƙa mai sheƙi da na ciro daga akwatin takarduna. Ya tambaye ni yaushe ya kamata ya yi amfani da ta ƙarshe, na ce masa duk lokacin da ya ga ɗan'uwansa yana kallon hannunsa. Ni sai da na kai shekara talatin da wani abu kafin na saki tawa.